Karsana ta tashi cikin awakin tatsa, yanzu ta gagare su: mene ne abin yi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da awakin tatsa guda bakwai. Bara na sayi 'yar maraƙa mai sati biyu wadda uwarta ta mutu, na raine ta da bulumboti da nonon awakin nan. A cikinsu ta tashi, tare suke kwana. Yanzu watanta 14, ta zame mini alaƙaƙai. Ina zuba abinci sai ta kore su ta cinye. Ta tunkuyi wata mai ciki har ta yi kwana uku tana ɗingishi, kuma sau biyu ina kama ta tana tsotson hantsar wata. Ni kaina idan na shigo da bokiti sai ta sa kai ta ture ni. Wani lokaci ta kwana tana kuka, ta dinga hawan awakin, sau ɗaya ma ta tsallake shinge. Nonon da nake samu ya ragu. Wasu sun ce in riƙa dukanta, wasu sun ce in ɗaure ta dindindin, wasu sun ce in sayar. Ni kuwa burina ta zama saniyar tatsata. Mene ne abin yi?"

Wa alaikumus salam Malama. Tambayarki ɗaya ce a baki, amma da na karanta ta sau biyu na ga matsala huɗu a ciki: handame abinci da tunkuyi, tsotson hantsa, ture ki da take yi, sai kuma kukan dare da hawan awaki. Kowace da inda ta samo asali, kuma maganin ɗaya ba ya warkar da ɗaya. Shi ya sa shawarar nan ta "ki doke ta" ko "ki ɗaure ta" ba za ta kai ki ko'ina ba. Zan bi su yadda nake bi idan an kira ni gona, da sharaɗin ki tuna cewa ban ga dabbar da idona ba, abin da kika rubuta kawai nake da shi.

Abin da ya canza shi ne nauyinta

Ranar da kika kawo ta, nauyinta bai wuce kilo 30 zuwa 40 ba. Kowace babbar akuya a garkenki ta fi ta, domin akuyar tatsa takan kai kilo 50 zuwa 70. A lokacin idan ta kai kai komin abinci, akuya ɗaya ta ishe ta. Yau, gwargwadon jinsinta da yadda ta ci, tana tsakanin kilo 250 zuwa 300 ko fiye. Halinta bai canza sosai ba. Wasan da take yi tana jaririya kina dariya, shi take yi har yanzu, sai dai jikin da ke bayan wasan ya ninka sau shida ko bakwai.

Ki ƙara da cewa faɗan akuya daban, na saniya daban. Akuya takan miƙe kan ƙafafun baya, ta sauko ta gwabza kai da 'yar'uwarta, gwaf, su ja da baya su dubi juna, sau da yawa magana ta ƙare. Saniya ba ta miƙewa. Sunkuyar da kai take yi, ta dafa shi a jikin abokiyar faɗa, ta tura da dukan ƙarfin wuya da ƙirji, kuma ba ta tsayawa sai waccan ta ba ta wuri. Idan waccan saniya ce, sai ta kauce, shi ke nan. Idan akuya ce da bango a bayanta, haƙarƙari ne ko ciki zai ɗauki nauyin. Yawancin raunukan da na gani a irin wannan haɗin ba a fili suka faru ba, a lungu ne, ko a bakin ƙofa, ko tsakanin komi da bango.

A cikin garken shanu, karsana mai wata 14 ƙaramar yarinya ce. Da ta yi rashin kunya akwai tsohuwar saniya da za ta bangaje ta sau ɗaya ta shiga taitayinta. Taki tun tana wata huɗu ko biyar ba ta sake haɗuwa da wanda ya fi ƙarfinta ba. Kullum ta tura, an kauce mata. Dabba kuwa abin da ya biya mata buƙata shi take maimaitawa.

Sai batun bulumboti. Maraƙin da ya tashi a hannun mutum ba ya jin nauyin mutum kamar wanda uwarsa ta raina. A wurinta ke 'yar garke ce mai ɗauke da abinci, kuma ta saba tun tana jaririya ta zunguri hannunki nono ya zo, kamar yadda maraƙi ke zungurar hantsar uwarsa. An yi bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Davis a Amurka, aka wallafa a 1990, inda aka ga bijiman da aka raina da hannu kowanne shi kaɗai sun fi kai wa mutane hari a kan waɗanda suka tashi tare da 'yan'uwansu maruƙa. A kan maza aka yi binciken, kuma namiji ya fi haɗari nesa ba kusa ba, amma tushen abin ɗaya ne: dabbar da ba ta koyi zama da jinsinta ba, a kan mutum take gwada ƙarfinta. Zan kuma yi miki tambayar da na san amsarta: kina sosa mata goshi? Kusan duk mai irin wannan karsana yana yi, don tana kawo kan da kanta, abin gwanin sha'awa. A wurin saniya, dafa goshi gayyatar turereniya ce. Daga yau a daina, ke da duk wanda ke gidan. Idan za a sosa ta, a sosa ƙarƙashin haɓa, ko wuya, ko kafaɗa, wuraren da ke sa ta ɗaga kai ko ta saki jiki.

Kukan dare da hawan awaki

Wannan kusan na tabbata ba rashin ji ba ne, balaga ce. Shanun madara irin na Turai, kamar Holstin da Jazi, sukan fara neman sa tun suna wata 9 zuwa 12. Shanu masu tozo sukan yi jinkiri, wasu sai sun kusa shekara biyu ko sun wuce. Idan ta fara, abin yana dawowa duk bayan kwana 21, ko a ce tsakanin 18 zuwa 24, kuma tsananinsa bai cika wuce yini guda ba. A ranar za ta yi ta kuka, ta rage cin abinci, ta dinga zagaye shinge, ta hau duk abin da ya tsaya mata, kuma za ki ga wani ruwa mai yauƙi, garai-garai, yana zuba daga bayanta ko ya manne a jelarta. Kwana ɗaya ko biyu bayan haka wani lokaci akan ga ɗan jini kaɗan, wannan ba abin tsoro ba ne.

Ki samu kalanda ki riƙa yin alama duk ranar da ta yi wannan tashin hankali. Idan kika ga tazarar sati uku-uku ce, kin gano bakin zaren, kuma kin san ranakun da za ki kulle ta ita kaɗai a wuri mai ƙarfi, ki kuma guji juya mata baya, domin karsana mai neman sa tana hawan mutum ma. Kilo 280 a gadon bayan akuya yana iya karya ta nan take. Idan kuwa ba tsari, yau kuka, bayan kwana biyar kuka, kullum cikin hawa, to a kira likitan dabbobi ya duba ƙwayayen haihuwarta, akwai ƙullutun da ke fitowa a jikinsu ya sa saniya ta dinga halin bijimi. Ki kuma tambayi wanda ya sayar miki ko ita kaɗai aka haifa. Macen da aka haifa tagwaye da namiji, fiye da tara cikin goma juya ce, ba za ta taɓa haihuwa ba, kuma wasunsu sukan ɗauki ɗabi'ar maza. Idan haka ne, batun saniyar tatsa ya faɗi tun daga nan, gara ki sani da wuri.

Kafin in wuce, akwai abin da dole in faɗa ko da bai yi kama da labarinki ba. Halin da ya taso a hankali cikin watanni, tarbiyya ce. Halin da ya sauya cikin kwana ɗaya ko biyu, ciwo ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ƙaya ko ƙusa a kofato, kaska a cikin kunne, ciwon ido da ya rufe mata gefe ɗaya, duk suna sa dabba zafin rai. Lasar tsohon batirin mota yana sa makanta da hauka saboda dalma. Wadda kuma ta fara kuka da wata irin shaƙaƙƙiyar murya, miyau na dalala, ta kasa haɗiye ruwa, kada kowa ya sa hannu a bakinta da sunan neman abin da ya maƙale mata. Cutar haukan kare tana kama shanu, kuma haka take fara nunawa.

A raba su wurin ci da wurin kwana, yau ba gobe ba

Horo yana ɗaukar makonni. Akuya mai ciki ba za ta jira makonni ba. Don haka kafin komai, a gyara wurin.

Ba sai kin raba su kwata-kwata ba. A wurin kiwo mai faɗi haɗin nasu ma alheri ne. Saniya tana naɗe doguwar ciyawa da harshe ta fizga, akuya ta fi son ganye da ƙananan rassa da ciyayin da saniya ke tsallakewa, sai fili ya ciyu sosai. Yawancin tsutsotsin cikin da ke addabar awaki kuma ba sa samun wurin zama a cikin babbar saniya, idan ta haɗiye 'ya'yansu tare da ciyawa sai su mutu a can, nauyin tsutsa ya ragu wa awakin. Rigimar duk a wuri uku take: bakin komi, bakin ƙofa, da ɗakin kwana.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne ƙofar da akuya ke wucewa saniya ba ta iya wucewa. A kafa turaku biyu masu kauri, a binne su da kyau, a bar tazarar santimita 35 zuwa 40 tsakaninsu. Ki auna da akuyarki mafi girman ciki, ta wuce ba tare da gogar turakun ba. A bayan wannan ƙofa ne abincin awaki da ruwansu da makwancinsu za su kasance. In da hali a yi irinta biyu, don kada babbar akuya ta tsaya a bakin ɗaya ta tare sauran, awaki ma ai ba waliyyai ba ne. Ranar farko karsanar za ta cusa kai, ta tura da kafaɗa, ta gwada ƙarfin turakun. Idan suka motsa ko kaɗan, ta koyi darasin da ba a so, saboda haka kada a yi ƙwauron katako a nan. Shingen da ke tsakaninsu ya kai tsayin mita 1.3 ko fiye, kuma ya zama wanda take hango awakin ta cikinsa. Su ne garkenta, idan ta daina ganinsu gaba ɗaya kuka da tsallake shinge za su ƙaru. Mai halin sa waya mai lantarki a saman shingen, layi ɗaya ya isa ya hana ta jingina da shi.

Cinye abincin awaki da take yi ba asarar dusa kawai ba ce. Karsana mai kilo 300 tana buƙatar busasshen abinci wajen kilo 7 zuwa 8 a rana, kwatankwacin cin awakinki uku, kuma mafi yawansa ciyawa ya kamata ya zama. Abincin akuya mai shayarwa hatsi ya yi masa yawa. Ranar da ta samu ta handame rabon awaki bakwai a zama ɗaya, tumbinta na iya tsami, ciki ya kumbura, zawo ya biyo, wani lokaci har kofatai su kama ciwo, kuma ana rasa dabba ta wannan hanya. Idan kuma kaɗan-kaɗan take samu kullum, kitse za ta tara, karsana mai kitse kuwa tana wahalar ɗaukar ciki, tana wahalar haihuwa, kuma kitsen da ya taru a hantsa lokacin girma yana rage nonon da za ta bayar daga baya. Ta ɗaya ɓangaren, idan abincin shanun da kike saye akwai yuriya a ciki, kada awaki su kai gare shi. Gishirin lasa dai za su iya tarayya, domin shanu da awaki duk suna buƙatar sinadarin tagulla. Tumaki ne yake wa illa.

Ki riƙa ba ta nata abincin kafin na awaki, a wurinta, a lokaci guda kullum, kuma ki zuba ta bayan shinge, ba ki shiga da bokiti a hannu ba. Wannan kaɗai zai kashe rabin turar da take miki, domin bokitin take bi. Ruwa ma a raba. Tana shan lita 25 zuwa 40 a rana, fiye da haka idan ana zafi, tana kuma barin miyau da ɓarɓashin abinci a ciki. Akuya kuwa ga tsantsami, gara ta zauna da ƙishi da ta sha ruwan da aka ɓata, kuma nono kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne. Ina zargin wani ɓangare na raguwar nononki daga nan yake. Sauran kuma daga abincin da ba sa samu, da abin da take tsotsewa, da tsoro. Akuyar da aka kora minti goma kafin tatsa ba ta sakin nono duka, saboda sinadarin firgita yana tare aikin oksitosin, wanda shi ke matso nonon zuwa kan hantsa.

Tsotson ba zai bari da kansa ba. Da nonon akuya ta girma, ta san warinsa, ta san inda yake. Bakinta yanzu ya fi ƙarfin kan nonon akuya, tana iya tsaga shi, ta kuma buɗe ƙofar ciwon hantsa. Akwai takunkumin roba da ake maƙalawa a hanci, mai ɗan faifai da ke rufe baki idan ta ɗaga kai za ta tsotsa, amma ya bar ta ta ci ciyawa. Wani yana da ƙayoyi don wadda ake tsotsa ta harba ta gudu. Wannan don shanu aka yi shi, kada ki sa mata shi cikin awaki, zai yaga musu hantsa. Ki nemi marar ƙaya, ki riƙa duba hancin kada ya yi gyambo. Idan ta koyi karkata kai ta tsotsa ta gefe, kuma wasu suna koya, sai dai a hana ta haɗuwa da masu shayarwa ko a wurin kiwo.

Duka, ɗauri, da abin da ya fi su

Duka ba na ba da shawararsa, ba don tausayi kawai ba. Saniya tana riƙe wanda ya cuce ta da wurin da aka cuce ta, shekaru. Ke kuma so kike wata rana ki tsuguna a gefen ƙafarta ta baya, kanki a jikin cikinta, ki tatse ta. Wadda aka horar da sanda ranar tatsa take ramawa, ko ta riƙe nono ko ta yi harbi. Dukan goshi ma ya fi muni, don a wurinta kin karɓi gayyatar faɗa ne. Ɗauri na dindindin kuma ba cinya ba ƙafar baya: ƙarfin da ba ta ƙone ba yana taruwa, ranar da igiya ta tsinke sai ta fi da, ga haɗarin shaƙewa, ga awaki da ke iya shiga cikin igiyar ta naɗe su.

Abin da take buƙata ta gane shi ne akwai fili kewaye da ke wanda ba ta shiga sai kin kira ta. Ki riƙe sanda mai tsayin kamar mita ɗaya da rabi duk lokacin da za ki shiga, a matsayin ƙarin tsawon hannu. Da ta nufo ki da kai, ki tsaya cak, ki ɗaga sandar a gabanta, ki faɗi kalma ɗaya da murya mai kauri, kalmar da ba za ki canza ba. Idan ta ci gaba, ki ɗan ƙwanƙwasa mata a kan hanci, sau ɗaya, a daidai lokacin. Da ta ja da baya ko taki ɗaya ne, ki sauke sandar ki yi shiru. Sakin nan shi ne ladanta, kuma shi ne yake koyar da ita, ba ƙwanƙwasar ba. Kada ki ja da baya da gudu, kada kuma ki bi ta da faɗa bayan ta kauce. Duk wanda ke shiga wurinta ya bi wannan ƙa'ida, in ba haka ba kina gini wani yana rushewa.

Yana da amfani ki san yadda take gani. Idanunta a gefe suke, tana ganin kusan duk kewayenta, fiye da digiri 300, ban da daidai bayanta. Wanda ya ɓullo mata ta nan ba magana, harbi zai sha, kuma harbin saniya yakan fito ta gaba ya zagayo gefe, ba baya kaɗai ba. Temple Grandin, malamar Jami'ar Jihar Kolorado da ta yi suna a kan sarrafa shanu ba tare da tsoratarwa ba, ta yi ta nanata cewa kafaɗar saniya ita ce ma'auni: ka tsaya bayan kafaɗa ta yi gaba, ka tsaya gaban kafaɗa ta ja baya. Ta kuma ce saniyar da ta firgita takan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ta dawo daidai. Saboda haka ranar da abu ya ɓaci tsakaninku, ki fita ki ba ta rabin awa, kada ki nace.

Sai koyon ragama. A sa mata ragamar igiya mai kauri wadda ta zauna a kan ƙashin hanci, ba a kan taushin da ke kusa da ƙofofin hanci ba. A ɗaure ta a turke mai ƙarfi, igiyar gajera kamar rabin mita, daidai tsayin kanta, da ƙullin da ake warwarewa da fizga ɗaya. Minti 15 zuwa 20 ya isa da farko, kina tsaye a wurin, ba a barinta ita kaɗai. Za ta ja, ta yi tirjiya, wata ma ta zube ƙasa kamar ta mutu. Ki bar ta da turken su daidaita, ba da ke take faɗa ba. Sai ta sassauta igiyar ta tsaya, sannan ki kwance ta, kada ki kwance tana cikin ja. Bayan kwana huɗu ko biyar sai ki fara goge mata jiki tana ɗaure, daga wuya zuwa kafaɗa, zuwa ciki, a hankali har hantsa da ƙafafu, hannunki ɗaya kullum yana jikinta don ta san inda kike. Nan ne ake gina saniyar tatsa, tun shekara guda kafin ɗigon nono na farko. Idan aka zo ja, ki ja kaɗan, ta ɗaga ƙafa, ki saki. Kuma ko da wasa kada ki naɗe igiya a hannunki.

Na taɓa yin wannan kuskuren da wata jar karsana da aka kawo mini, wadda ita ma cikin awaki ta tashi. Sati biyu muna aiki lafiya, har na fara sakin jiki. Wata safiya ina jan ta, igiyar na naɗe sau biyu a tafin hannuna, sai wani ɗan akuya ya diro daga kan komi a bayanta. Kafin in ankara ta ja ni taki biyar a ƙasa, fatar yatsu biyu ta tafi da igiyar. Da ta tsaya sai ta juyo tana shinshina ta, ko alamar mugunta babu. Abin da ya gyara ta a ƙarshe ma ba ni ba ne. Wata tsohuwar saniya ce marar ƙaho da muka haɗa su. Ranar farko karsanar ta nufe ta da kai a bakin komi yadda ta saba yi wa awaki. Tsohuwar ko ɗago kai sosai ba ta yi ba, ta sa mata kafaɗa ta watsar da ita gefe, ta ci gaba da cin ciyawarta. Karsanar ta tsaya nesa tana kallo kamar an mare ta. Cikin sati guda ta koma bin tsohuwar duk inda ta sa ƙafa, awaki suka samu lafiya.

Don haka idan wurinki da aljihunki za su ɗauki dabba ta biyu, abokiyar zama daga jinsinta ita ce magani mafi ƙarfi da na sani: babbar saniya mai sanyin hali, ko dandaƙaƙƙen sa da ya girme ta. Kada ki kawo ƙaramin maraƙi, zai zama akuya ta takwas ne kawai. Sabuwar dabba kuma a killace ta wajen wata guda, a gwada jininta, domin bakkale, ciwon da ke sa ɓari, da tarin fuka da wani ciwon hanji mai ramar da dabba a hankali duk suna ratsawa tsakanin shanu da awaki, biyun farko har mutum suna kamawa, musamman ta ɗanyen nono.

Ba ki faɗa mini ko tana da ƙaho ba. Lokacin da ya dace a kashe tohon ƙaho shi ne makonnin farko, kafin wata biyu, tun bai manne da ƙashin kai ba. A wata 14 ƙahon ya riga ya haɗu da kogon goshi, cire shi tiyata ce ta likita da allurar kashe zafi, a lokacin da ƙudaje suka yi sauƙi. Abin da ya fi sauƙi shi ne a datse tsinin kawai, santimita biyu ko uku, a goge shi ya dakushe. Ba zai hana tunkuyi ba, amma zai hana huda ciki.

Ciki yakan kwantar da karsana, domin hayaniyar sati uku-uku tana tsayawa na tsawon wata tara. Sai dai ba a gaggawa don neman sauƙi. A bari ta kai kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin babbar saniyar jinsinta, a kuma zaɓi sa, ko maniyyin sa idan ɗurawa za a yi, wanda 'ya'yansa ba su cika girma a ciki ba. Ki kuma sa a ranki cewa kwanakin farko bayan haihuwa, mai sanyin hali ma takan zama wata aba, balle wadda ba ta jin nauyin mutum. Horon da ba a yi kafin ciki ya tsufa ba, ba a yinsa ranar haihuwa.

Yaushe za a haƙura da ita

Akwai bambanci tsakanin mai rashin ladabi da mai niyyar cutarwa, kuma ana gani a jiki. Mai rashin ladabi abinci take bi, da an tsawata mata za ta kauce, in ba bokiti ba ruwanta da ke. Ɗayar kuwa za ta juya miki gefen jikinta ta gantsare, ta sunkuyar da kai tana kaɗa shi, ta tona ƙasa da ƙafa, ta biyo ki ko hannunki babu komai, kuma tsawa ba ta mayar da ita. Daga abin da kika rubuta, taki ta fi kama da ta farko, shi ya sa nake ganin za ta gyaru. Amma ki yanka wa kanki wa'adi, sati shida zuwa takwas na horo kullum, bayan an raba wurin ci da kwana. Idan wa'adin ya cika tana nan yadda take, ko ta taɓa danne mutum a ƙasa ko a jikin bango ko da sau ɗaya ne, ni dai ba zan ajiye ta ba, musamman a gidan da yara ke shiga wurin dabbobi. Zafin hali yana bin jini zuwa wani mataki, 'yarta ma tana iya gadonsa. Idan za ki sayar, ki faɗa wa mai saye gaskiyar halinta. A cikin babban garken shanu sau da yawa irinta takan zauna lafiya. Kafin nan dai, kada yaro ya shiga wurinta, ke ma kada ki shiga sai kin san ta inda za ki fita, kuma kada ki tsaya tsakaninta da bango.

Akuyar nan mai ciki da aka tunkuya, ki ware ta da wata guda mai sanyin hali, ki sa mata ido sosai na sati biyu. Cikin akuya kwana 150 ne, kuma makonni shida na ƙarshe su ne mafi haɗari. Idan ta daina cin abinci a wannan lokacin, ko ta kwanta ta ƙi tashi, ko kika ga jini ko ruwa mai wari a bayanta, a kira likita a ranar. Idan ta yi ɓari, kada ki ɗora laifin a kan tunkuyin kai tsaye. Ki sa safar hannu kafin ki taɓa ɗan da mahaifar, ki hana karsanar da sauran awakin lasar wurin, ki ajiye ɗan da mahaifar cikin leda a wuri mai sanyi don a kai gwaji, kuma nonon garken duka a tafasa shi kafin a sha har sakamako ya fito.